Abdulwahabu da Taurarin Gwaggo Iyatu

A duk Ƙofar Dundaye ba a taɓa haihuwar mai dogon wuya irin na Abdulwahabu ɗan Malam Tukur ba. Mu taubasansa mun sha gaya masa cewa idan ya haɗiye loma da hantsi, sai azahar take isa cikinsa, shi ya sa kullum yake kamar sillen kara. Ba ya fushi. Sai ya ɗaga wuyan nan ya dube ka daga can sama, ya ce, "Allah shi shirye ka," ya koma kan rairayinsa.

Rairayin nan shi ne duk gadon da ubansa ya bar masa. Wasu ana bar musu gona a fadama, wasu shanu, wasu ko jaki ne. Shi allo aka bar masa, faffaɗa, mai ɗan gefe kamar bakin faifai, wanda ake zuba wa rairayin gulbi da aka tankaɗe har ya yi laushin garin tuwo. Sai tsinke guda na rubutu. Da waɗannan ake yin abin da Malam Tukur yake kira hisabin Hindi.

Yadda tsohon ya ba da labarin, Abdulwahabu kuma ya yi ta maimaita shi har kunnuwan unguwa suka yi kanta, wai mutanen ƙasar Hindu ne, can gaba da Makka inda rana take fitowa da ɗuminta, suka gano cewa da alamomi tara da wani ɗan zagaye da ake kira sifiri za ka iya rubuta kowane adadi, ko da yawan tururuwar duniya ne. Suna kuma da nasu lissafin tafiyar rana da wata. Sai wasu suka ɗauko abin suka kai shi Bagadaza zamanin halifofi. Malaman can suka juya shi da Larabci, suka ƙara nasu a kai, suka gwama shi da masaukan taurari da Larabawa suka sani tun da. Daga nan ya hau raƙumi, ya bi ayari, daga wannan malami zuwa wancan, ya ratso hamada. Kafin ya iso Sakkwato ya rame, ya jigata, bai sami wurin sauka ba sai zauren Malam Tukur.

Shi hisabin nan ba ya son tawada. Ka rubuta adadi, ka ninka, sai ka shafe na farko ka sa sabon a gurbinsa, ka matsa gaba, ka sake shafewa. Hannun dama na rubutu, na hagu na shafa. In an gama, amsa kaɗai ce take saura a kan allo. Da shi Abdulwahabu yake raba gado idan Liman Maccido, limamin unguwa, ya aiko masa, ya fitar wa kowane maraya kasonsa ba a yi faɗa ba. Da shi yake gaya wa manoma tauraron da ake ciki, ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Ba sana'ar da ke sa mutum ƙiba ba ce, amma idan ya shigo masallaci ana matsa masa a sahun gaba, kuma wannan ya ishe shi.

Matsalar guda ce, ita ce ido. Duk wanda ya leƙo zaure ya ga mutum ya sunkuya kan rairayi yana zane, yana shafewa, yana motsa baki, ba Bagadaza ce za ta faɗo masa a rai ba. Ɗan duba zai gani, mai bugun ƙasa. A Sakkwato kuwa, garin malamai, ɗan duba mutum ne da ake zagi da rana a taro, a bi ta bayan gida a same shi. Saboda haka ranar da Malam Tukur ya miƙa wa ɗansa tsinken, sai da ya sa shi ya yi alkawari: ba ɓatan akuya, ba cikin mace, ba labarin matafiyi.

"Wanga allo bai san gobe ba," in ji tsohon. "Abin da kab ba shi, shi shika maido ma."

Abdulwahabu ya riƙe alkawarin nan kamar yadda kaska ke riƙe kunnen saniya. An ce wata ta taɓa tambayarsa wanda ya sace mata turmi, ya yi mata wa'azi tun daga hantsi har sai da ta roƙe shi ya bar mata turmin a hannun ɓarawon.

Uwarsa ta rasu yana jariri. Ƙanwar ubansa, Gwaggo Iyatu, ita ta goya shi, ita ta yaye shi da kunu, ita ta raɗa masa suna Dogo. Nata 'ya'yan sun yi ta zuwa suna komawa, ba wanda ya tsaya sai autanta Muntari, wanda ta samu bayan ta fid da rai. Muntari majemi ne, mai kafaɗu kamar ƙofar gari, hannuwansa kullum jajaye da rinin fata.

Kafaɗun nan ne suka ja masa. Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, Nasara suka tashi yaƙi da 'yan uwansu Jamus can gaba da Adamawa, aka shigo unguwanni ana neman majiya ƙarfi da za su ɗaukar wa soja kaya. Aka dubi Muntari sau ɗaya, ba a sake duban na kusa da shi ba. Suka fita da kaka, shi da samarin unguwa da dama, kowa da gammo a ka.

Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafin nan na Sakkwato da ke dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Babu Muntari, babu labarinsa. Wata rana da hantsi Abdulwahabu yana zaure yana raba wa marayun wani mahauci gidan ubansu, sai ga Gwaggo Iyatu ta yi sallama, da kaza wake-wake a hammata. Daidai lokacin ya kai ƙarshen layi, hannunsa na hagu ya yi abin da ya saba ba tare da ya nemi izininsa ba. Ya shafe.

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Mi kas shahe, Dogo?"

"Kason 'yan mata na, Gwaggo. Shigo, zamna."

Ta zauna, ta ajiye kazar tsakaninsu. "Ban taɓa roƙonka ba. Ko sa'ad da munduwata ta ɓace ban zo ba, don na san taurin kai irin na gidanku. Yau na zo. Duba man Muntari."

"Gwaggo, ke kin san ba ni duba."

"Na sani, ba ka yi ma bare. Ni kau bisa bayana kag girma, har yau ciwon bai sake ni ba."

"Wallahi lissahi na. Ba a ganin mutum a nan."

"Duba dai."

Ya duba, don ta ce ya duba, kuma tun yana yaro bai iya ƙin maganarta ba. Rairayi ne, da sawun tafin hannunsa a kai.

"Ban ga komi ba, Gwaggo," ya ce. Ya ɗauki kazar ya ɗora mata a cinya. "Tahi da kazarki, ki yanka ki sha romo. Kin rame."

To, a nan ne jahilcin malamin ya fito fili. Shi da bai taɓa taka zauren ɗan duba ba, bai san abin da kowace mace a unguwar ta sani ba. Ɗan duba idan ya ga mutuwa ba ya faɗa. Ƙasar yake shafewa, ya ce bai ga komai ba, ya mayar maka da sadakarka. Abdulwahabu ya jero su duka, tsaf, kamar wanda ya tsufa a sana'ar.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Allah shi ji ƙan shi."

Ya ce amin, a zatonsa mahaucin take nufi.

Sai washegari matarsa Sadiyatu ta shigo zaure ba ko sallama. "Malam, mi kac ce ma Gwaggo? Tun jiya ta juya ma bango huska. Ba ta ci, ba ta sha, ko kunun tsamiya ta ƙi."

Da Sadiyatu ta warware masa abin da ya aikata, wuyan nan ya lanƙwashe kamar ganyen rama a tukunya. Ya ruga gidan Gwaggo, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ya durƙusa ya yi bayani tun daga ƙasar Hindu har Bagadaza. Keyarta kawai yake gani. Ya rantse da Allah bai ga komai ba, ta ce wa bango, "Malami mai tausai ya san yadda zai rantse bai yi kaffara ba." Ya ɗauko Liman Maccido da kansa, Liman ya zauna daga bakin ƙofa ya ce mata hisabi daban, duba daban, kuma gaibu na Allah ne shi kaɗai. Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, kai ma sun sa ka ka ɓoye man?" Ya taka har barikin Nasara a bayan gari ko zai samo labari na gaske, ya wuni a gindin bishiya yana korar ƙuda, daga ƙarshe wani masinja ya ce masa masu kaya ba a sanin inda suke sai an gama yaƙi.

Ya dawo ya tarar Gwaggo ta koma kamar busasshiyar kuɓewa. Leɓunanta sun tsage. Salla ma a kwance take yi.

"Ka hwaɗa mata shina da rai mana," in ji Sadiyatu. "Mi za ya ci ka?"

"Ban sani ba ko shina da rai."

"To ka san ya mutu?"

"Ban sani ba."

"To a cikin abu biyu da ba ka sani ba, ka zaɓi wanda ka sa tsohuwa shan kunu."

"Na yi ma Baba alkawari."

"Baba na kabari, shina hutawa. Ƙanwarshi ta ka shirin iske shi, ta hwaɗa mashi kai kat turo ta."

Ya zauna ya tasa allon a gaba har inuwa ta juya. Sannan ya lulluɓe shi da tsumma, ya ɗauka a hannu biyu, ya bi lungu da shi kamar mai kai jariri makwanci.

A ɗakin Gwaggo ya ce, "Rannan ban duba da kyau ba. Idona ka ciwo." Ta juyo a hankali. Shi kuwa bai san yadda ake duba ba, ko ta ina ake farawa. Sai ya yi abin da ya iya, ya shiga lissafin tauraron da ake ciki. Hannunsa na hagu ya tura ƙarƙashin cinya ya danne, don kada ya yi shafa. Hisabin Hindi kuwa ba ya tafiya sai da shafa. Adadi ya hau kan adadi, allo ya cika ya cushe kamar kasuwa ranar jajibere, kuma a karo na farko tun da ya riƙi tsinke, amsar da ta fito ba daidai ba ce. Zufa tana bin wuyan nan, tafiya mai nisa.

"Shina da rai," ya ce.

Ta ƙura masa ido. "Yaushe za shi zo?"

Wannan bai shirya mata ba. Ya buɗe baki, ba abin da ke cikinsa sai sunayen taurari. "In Haƙ'a ta shiga."

"Mi aka kira Haƙ'a?"

"Tauraron farkon damina. Da ruwan shuka."

Ta auna maganar. Sannan ta nuna ƙarƙashin gado, inda kazar take ɗaure. "Ɗauki kazarka."

Ya ɗauka. Da ya bar ta, da komai ya rushe. Sadiyatu ta miƙo ƙwaryar kunu, Gwaggo ta shanye, ta nemi ƙari. Shi kuma ya koma gida da allo a hannu ɗaya, kaza a ɗaya, tana ta kyarkyara don duk unguwa ta shaida. Kazar nan bai taɓa cin ko ƙwanta ba, ita kuwa ta yi ta ƙyanƙyasa kamar da gayya, har aka ce rabin kajin Ƙofar Dundaye jikokinta ne.

Ya ɗauka an gama. Amma ba Gwaggo kaɗai aka ɗauke wa ɗa ba, kuma Gwaggo ba ta iya riƙe albishir. Kafin kwana biyu wata Jummai, mai sayar da daddawa, ta iso zaure da ƙwaryar gero, ita ma nata yana cikin masu kaya.

"Baiwar Allah, ba ni duba," ya ce, ya tura mata ƙwaryarta.

Jummai ta dubi ƙwaryar, ta dube shi, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fita tana kururuwa tana kiran sunan ɗanta. Sai a lokacin ya gane abin da ya sake yi. Ya zabura ba ko takalmi, ya bi ta a guje, rawani na warwarewa, yana ihu, "Dawo! Shina da rai! Shina da rai!" Bai cim mata ba sai a ƙofar gidan Liman, inda dattawan unguwa suke zaune a inuwa, kowa ya ji da kunnensa.

Daga ranar ba shi da sauran zaɓi. Duk wadda ya ce wa ba ya duba, ya kashe mata ɗa. Duk wadda ya mayar wa sadaka, ya aika ta zaman makoki. Sai ya riƙa danne hannunsa na hagu yana raya 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa tauraron. Zauren da a da sai dattawa masu maganar gado, ya koma kamar gidan suna: mata, kaji, ƙoren gero, da yara masu majina.

Liman Maccido ya daina aiko masa da gado. Wata rana bayan la'asar ya riƙe shi a masallaci har kowa ya fita.

"Malam Abdulwahabu, an ce ka buɗe sabuwar rumfa."

"Allah shi gafarta Malam, ƙarya niy yi ma Gwaggo don ta ci abinci. Sauran kau su sunka biyo."

"Na sani. Na san ubanka, na san ka. To ka tashi cikin masallaci ka hwaɗi hakanan, ka tuba, kowa shi ji. Ni ba ni iya aika haƙƙin marayu zauren da aka shiga da kaji."

"In na hwaɗi da la'asar, kahin magariba ta ji."

"Za ta ji."

"Ta koma ta juya ma bango."

Liman ya daɗe yana jan tasbaha. "To ka bari har Allah shi yi ikonsa," ya ce, bai dube shi ba.

Su biyun sun san abin da maganar take nufi. Ranar da Gwaggo ta mutu, ranar Abdulwahabu zai wanke sunansa. Ya fito daga masallaci yana jin kamar ya haɗiyi garwashi, kuma ga wuyan da zai bi.

Haƙ'a ta shiga, ruwan shuka ya sauka, Muntari bai zo ba. Gwaggo ta iso zaure da zanenta na fita.

"Gulabe sun cika, Gwaggo. Ba a ƙetarewa da kaya. Sai Sarfa, in an fara yankan gero."

Sarfa ta zo, aka yanke gero, aka ɗaure, aka kai rumbu. Ya ce sai Shaula. Shaula ta zo da sanyinta, ya ce ai mutum ba ya tafiya da sanyi, sai Surayya. Da haka Gwaggo Iyatu, wadda ba ta taɓa riƙe allo ba, ta haddace masaukan taurari kakaf a jere, da na damina, da na kaka, da na dari, da na bazara. Ita kaɗai ce ɗalibar da ya taɓa samu a duniya, don babu uban da zai kai ɗansa karatu wurin ɗan duba. Ta iya su har ya zama ba ya iya yi mata coge. Ya taɓa cewa Zira'a cikin gajiya, ta ce, "Haba Dogo, Zira'a da ta wuce tun muna noman farko? Sake dubawa."

Da aka gama yaƙi masu kaya suka fara dawowa, ɗaiɗai, ƙafa a kumbure, kai a sanƙo saboda gammo. Ɗan Jummai ya dawo, Jummai ta zagaya gari tana cewa malamin Ƙofar Dundaye yana ganin abin da ke bayan duwatsu, mata suka ƙaru har daga ƙauye. Wata kuwa aka kawo mata rigar nata ɗan kawai, ta zo ta watsa masa toka a zaure, ta ce ya ci mata gero a kan gawa. Ya share tokar da kansa.

A cikin na ƙarshen dawowa akwai wani Sule, maƙwabcin su Muntari a majema. Aka kai shi gaban Gwaggo, Abdulwahabu yana tsaye a bakin ƙofa, yana addu'ar ko wane iri ne labarin, ya dai zo da ƙarshe.

"Tare munka yi tahiya, Inna," in ji Sule. "Sai ƙahwahunshi sunka kumbura. Anka bar shi wani ƙauye bakin wani babban gulbi, mutanen wurin sunka ɗauke shi."

"Shina numfashi?"

"Shina numfashi. Har zagina yay yi don na taka mashi hannu."

"Wane ƙauye na?" in ji Abdulwahabu.

"Malam, wa ya san sunanshi? Ko maganarsu ba mu ji."

Gwaggo ta juyo tana murmushi, ta dubi matan da suka cika ɗakin. "Kun ji? Dogo yac ce shina da rai."

Daga ranar ko shi kansa bai san ko ƙarya yake yi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. A masallaci ba wanda ya kore shi, amma sahun gaba ya riƙa cika kafin ya iso, ko da shi ya fara shiga. Gado ya koma hannun wani mai lissafi da yatsu da tsakuwa, ana gama rabo ana kai ƙara. Manoma sun ci gaba da tambayarsa tauraro, amma a hanya, a tsaye, suna waige. Wuyan nan da muke yi wa tsiya ya sunkuya har ya zama daidai da na kowa, tsokanarsa ma ta daina daɗi.

Gwaggo kuwa sai ƙara lafiya take yi. Jira ya karɓe ta kamar magani. Sa'o'inta duk suka mutu, 'ya'yan sa'o'inta suka fara bi, ita tana nan tana tauna goro da dasashi, tana shanya tabarmar Muntari duk Juma'a kada ta yi fumfuna. Wani sanyi ta yi tari mai tsanani, Abdulwahabu ya ji ta ta bayan katanga, ya kama kansa yana saurare da wani irin kunne. Ya tashi ya yi alwala, ya yi ta azumi har Sadiyatu ta ce in bai bari ba iska za ta ɗauke shi ta kai Wurno. Gwaggo ta warke, ta aiko masa da fura, wai ta ji an ce ba ya cin abinci.

Sai ga shi Abdulwahabu ne ciwo ya kama. Farkon wata damina ƙirji ya riƙe shi, ya kwanta, kowa ya ga ba tashi zai yi ba. Ranar da ya ji abin ya matso, ya ce wa Sadiyatu ta kira masa Liman Maccido da dattawa, yana da magana da yake so a shaida kafin ya gamu da Ubangijinsa. Suka zo bayan azahar, Liman ya tsufa har sai an riƙe shi. Suka zauna a kan tabarma. Liman ya matso da kunnensa, ya san maganar, ya daɗe yana jiranta.

Abdulwahabu ya tattara numfashi. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, sanda a tsakar gida. An bar wata yarinya ta tsare Gwaggo, amma wa ya isa? Ta ratsa dattawan kamar ba ta gan su ba, ta zauna a wajen kansa, ta ɗora masa hannu a goshi.

"Dogo, haka za mu yi da kai? Ni nig goya ka, kai za ka riga ni?"

"Ikon Allah na, Gwaggo."

"To wa za ya duba man in ka tahi? Waɗanga?" Ta nuna dattawan da haɓa. "Ko tauraron da aka ciki ba su sani ba. Hwaɗa man na ƙarshe, in riƙe. Yaushe za shi zo?"

Liman ya sunkuyar da kai. Sadiyatu ta toshe baki da gefen zane. Abdulwahabu ya dubi rufin ɗaki, ya dubi dattawan da suka zo wanke sunansa, ya dubi tsohuwar. Ɗan yatsansa na dama ya motsa a kan tabarma, yana bin taurarin ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce na damina, ya wuce na kaka, ya wuce na dari, bai tsaya ba sai da ya kai inda suka ƙare.

"Dabaran," ya ce.

Gwaggo ta lissafa a yatsunta, leɓunanta na motsi. "Kai, Dogo. Wanga ai shi na na can ƙarshe. Sai ƙarshen wata bazara ke nan."

"Hanyar da nisa, Gwaggo."

"Hakanan na," ta ce. "Ga ƙahwa ba lahiya."

Liman Maccido ya jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya yi addu'a, aka shafa, ya miƙa hannu aka tashe shi. Dattawan suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa ba tare da ya dubi ɗan uwansa ba.

Washegari kafin la'asar Abdulwahabu ya cika. Jana'izarsa ba ta cika sahu ba, amma mata sun cika lungu har bakin ƙofar gari. Da yamma Sadiyatu ta kai wa Gwaggo tuwo, tana tsoron ta tarar da ita ta juya wa bango. Ta same ta zaune, idanu jajir don kuka. Gwaggo ta jawo akushin, ta wanke hannu, ta ɗanɗana.

"Ƙaro man miya," ta ce. "Dabaran da saura."